Wata, Iska da Ƙugiya: Kamun Halibut da Kayak a Mashigin Kachemak

A garin Homer da ke jihar Alaska ta Amurka, wanda ya ajiye jirginsa a bakin ruwa da hantsi ya tafi neman shayi yana iya dawowa bayan awa uku ya tarar babu jirgi babu alamarsa. Wurin da ya bari busasshe ya koma ƙarƙashin ruwan da ya shanye tsayin mutum. Haka teku take a mashigin Kachemak, wani reshe na babban mashigin Cook mai tsawon kusan kilomita 64. Sau biyu a rana ruwa yana cikowa, sau biyu yana janyewa. A rana ta yau da kullum tazarar da ke tsakanin cikarsa da janyewarsa ta kusa mita 5, a manyan ranaku kuwa takan haura mita 8.

A cikin wannan ruwan ne mutane ke shiga kayak, wato ɗan kwale-kwalen roba mai cin mutum ɗaya, tsawonsa mita huɗu ko sama kaɗan, suna neman kifin da wani lokaci ya fi su nauyi. Halibut na tekun Pasifik shimfiɗaɗɗen kifi ne mai kwanciya a ƙasan ruwa, cikinsa fari, bayansa kalar laka, idanunsa biyu duk a gefen dama. Wanda aka amince da shi a hukumance a matsayin mafi girma da aka kama da fatsa, Jack Tragis ne ya fito da shi a 1996 kusa da Unalaska, nauyinsa kilo 208. Irin waɗannan manyan duk mata ne. Galibin waɗanda mai kayak zai ci karo da su ba su kai kilo 20 ba, kuma hakan alheri ne gare shi. Da hunturu kifin yana can zurfin teku yana zuba ƙwai, daga watan Mayu zuwa Satumba kuma yakan matso kusa da gaɓa neman abinci. Wannan matsowar ce ta sa mai filafili da ƙarfin damtse kawai yake iya isa gare shi.

Masuncin da ya saba da Kwara ko gulbin Rima ya san ruwa mai fuska ɗaya, yau da gobe gangara yake yi. Ruwan mashigi yana gudu zuwa ciki na kusan awa shida, ya ɗan lafa, sannan ya juyo ya yi waje na wasu awa shida. Duk wani shiri na ranar kamu a kan wannan juyin ake ɗora shi, sannan a tambayi iska ko ta yarda.

Zaɓen rana daga wata

Wanda ke bin kalandar Hijira ya riga ya samu rabin karatun, domin girman ruwa yana bin kwanan wata. Idan wata da rana suka jeru a layi ɗaya da duniya, wato lokacin tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu zuwa sha biyar, jansu yana haɗuwa, ruwa ya ciko sosai ya kuma janye sosai. Wannan shi ne babban ruwa, kuma yakan kai ƙarshen ƙarfinsa kwana ɗaya ko biyu bayan waɗannan ranaku. Wajen bakwai zuwa takwas ga wata, da kuma ashirin da biyu zuwa ashirin da uku, jan rana yana rage na wata, tazarar ta ragu. Wannan shi ne ƙaramin ruwa.

Abin da ya shafi mai kayak a nan shi ne gudu. Ko babban ruwa ne ko ƙarami, awa shida ɗin nan ce dai ruwan yake da ita ya shiga ko ya fita. Idan yawan ruwan ya ninka, dole gudunsa ya ƙaru. Mai kayak da aka loda wa kayan kamu yana tafiyar kilomita 4 zuwa 5 a awa idan yana tuƙi ba hutawa. A tsakiyar babban ruwa, a wuraren da mashigi ya matse, ruwan kansa yana iya kamo wannan gudun, sai ka ga mutum yana ta zuba gumi amma dutsen da ke gefensa bai matsa ba. Saboda haka mai koyo ya zaɓi ranakun ƙaramin ruwa. Masu manyan jiragen haya suna fita kowace rana domin suna da inji da anka mai nauyi, kada ka auna kanka da su.

Hukumar NOAA ta gwamnatin Amurka ce ke fitar da jadawalin cikowa da janyewa, kuma tashar awonta ta wannan yanki tana Seldovia, a kudancin mashigin. Jadawalin yana ba da lokaci da tsayin ruwa. Ka cire ƙaramin adadi daga babba, abin da ya rage shi ne tazarar wannan juyin, kuma ita ce lambar da ta fi kowace muhimmanci a takardar. Ka lura kuma cewa cikowa biyun da ake yi a rana ɗaya ba su cika zama daidai ba, ɗaya takan fi ɗaya. Lokacin kuma yana ƙara jinkiri da kusan minti 50 kowace rana, don haka jadawalin jiya ba zai yi maka aikin yau ba.

Awa shida, kashi goma sha biyu

Matuƙa jirgin ruwa suna da wani tsohon lissafi mai sauƙi. Ka raba tazarar gida goma sha biyu. A awa ta farko bayan ruwa ya juya, kashi ɗaya ne ke motsawa. A ta biyu kashi biyu, a ta uku da ta huɗu kashi uku-uku, a ta biyar biyu, a ta shida ɗaya. Idan tazarar mita 6 ce, rabin mita kawai ruwa zai hau a awa ta farko, amma a awa ta uku da ta huɗu zai hau mita 3 cur. Rabin ruwan duka yana wucewa ne a cikin awa biyun tsakiya.

Daga nan za ka gane inda damar kamu take: awa ta ƙarshe kafin ruwa ya lafa, lafawar kanta, da awa ta farko bayan ya juya. A ranar ƙaramin ruwa wannan dama takan miƙe ta kai awa uku ko fiye. A ranar babban ruwa tana iya tsukewa ta koma ƙasa da awa guda.

Dalilin yana ƙasan ruwa. Halibut a ƙasa yake kwance, ya lulluɓe da yashi yana jiran abin da zai gifta, don haka dole abincin ƙugiyarka ya kasance a ƙasa ko taƙi kaɗan sama da ita. Ana saƙala kifin herin, ko yankan dabbar teku mai hannaye takwas, ko kan kifin salmon, a ƙugiya mai lanƙwasa irin ta da'ira, sannan a ɗaura dalma. Ruwa mai gudu yana tura zare, zaren ya yi ciki, dalmar ta tashi daga ƙasa, abincin ya koma yana shawagi a inda babu mai ganinsa. Idan ruwa ya lafa, dalma mai nauyin giram 250 zuwa 350 ta isa a zurfin mita 20. Da gudu ya fara ƙaruwa za ka koma rabin kilo, daga nan kilo guda. Wanda ya taɓa naɗo kilo guda na dalma daga zurfi sau goma a jere, yana zaune a kujerar da ke rawa, ya san cewa a nan daɗin abin yake ƙarewa. Siririn zare saƙaƙƙe ya fi zaren roba mai kauri yanka ruwa, kuma wannan kaɗai yana rage maka nauyin dalmar da kake bukata.

Ka riƙa duban yadda zaren ya shiga ruwa. Idan ya miƙe ƙasa sak ko ya ɗan karkata, kana kamu. Idan ya karkata har ya kai rabin hanya tsakanin tsaye da kwance, ka ƙara dalma ko ka tuƙa a hankali ka bi zaren har ya dawo ƙarƙashinka. Idan ka yi duka biyun bai miƙe ba, lokacin ya wuce, ka naɗe.

Amma fa tsayuwar ruwa cik ba ita ce ta fi ba. Halibut yana bin ƙanshi, kuma ruwa mai ɗan motsi ne ke ɗaukar ƙanshin herin ya kai masa har inda yake kwance, shi kuma ya biyo shi zuwa tushe. Masunta da yawa za su gaya maka cizo yakan yi sanyi a daidai lafawa, ya farfaɗo da zarar ruwa ya soma motsi. A ganina mafi kyawun yanayi shi ne kayak ya riƙa gangarawa a hankali, kilomita ɗaya zuwa biyu a awa, dalma tana taɓa ƙasa tana tashi, kana ratsa sabon wuri kowane minti. Ka nemi bakin gangare, inda ƙasa mai yashi ko tsakuwa ta faɗa zuwa zurfi, ko bayan wani tudu na ƙarƙashin ruwa inda gudu ke karyewa ƙananan kifaye su taru. Idan ruwa ya juya, gefen da kifin ke fakewa shi ma ya juya.

Wani abin da ke rikita baƙi: lokacin da jadawali ya ce ruwa ya cika ba lallai ne ya zo daidai da lokacin da gudu ya tsaya a inda kake ba. A wasu wurare ruwa yakan ci gaba da tafiya bayan lokacin jadawalin ya wuce. Ka dubi ganyen teku mai tsawo da ke kwance a saman ruwa, ko igiyar wani abin shawagi da aka ɗaure, ka ga inda suka fuskanta. Ka rubuta bambancin da ka gani a kowane wuri, domin gobe ma kusan haka zai kasance.

Iskar rana

Ruwa ana sanin halinsa shekara guda kafin ranar. Iska kuwa sai an wayi gari, kuma ita ke da ikon soke tafiya.

A Kachemak akwai iskar da mutanen wurin suka san ta kamar agogo a lokacin bazararsu. Da safe mashigin yakan kwanta lumui. Rana tana ɗagawa ƙasa ta ɗumama, iskar da ke kanta ta yi sama, sai iska mai sanyi ta kwararo daga teku ta maye gurbinta. Daga kudu maso yamma take zuwa, ta bakin mashigin, takan soma wajen tsakar rana, ta yi ƙarfi bayan azahar zuwa la'asar, ta faɗi da yamma. Safiyar da ta fi kyau, sararin sama garau, tsaunukan ƙanƙara na tsallake suna ƙyalli, ita ce ta fi haifar da wannan iska, domin zafin rana ne makamashinta. Ranar da gari ya lumshe da gajimare sau da yawa ta fi zama lafiya ga mai kayak, ko da hotonta bai yi kyau ba.

Hasashen yanayin teku da not ake ba da shi, kuma not ɗaya kilomita 1.85 ne a awa. Ƙasa da not 7, ruwa lafiya lau. Daga 7 zuwa 10 za ka fara ganin farin kumfa jefi-jefi a kan igiyoyi, kuma wannan ce sanarwar farko. Daga 11 zuwa 16 kumfa ya yawaita, kamu ya zama wahala, tuƙi gaba da iska ya zama aiki. Sama da haka ba wurin kayak ba ne. Hukumar yanayi ba ta fitar da gargaɗin ƙananan jirage sai iska ta haura not 20, don haka rashin gargaɗi ba izini ba ne, an yi shi ne domin jiragen da suka fi naka girma nesa ba kusa ba. Ka tuna kuma cewa idan gudun iska ya ninka biyu, ƙarfin turinta sau huɗu yake ninkawa. Mutumin da ke zaune a saman kayak, ga sandunan fatsa a tsaye, ga akwatin kifi a baya, iska tana samun abin kamawa sosai a jikinsa.

Fuskar iska ta fi ƙarfinta muhimmanci. Iskar da ke turowa daga teku zuwa gaɓa tana tayar da igiyoyi, tana sa sauka ya yi wuya, amma ko ba komai gida take kai ka. Wadda ke busowa daga tudu zuwa teku ita ce mayaudariya. A bakin gaɓa ruwa shafe yake domin tudu ya tare ta, sai ka yi nisan kilomita ɗaya ka juyo, ka tarar hanyar gida ta zama hawan dutse, kuma kowane minti na hutu ƙara nisanta ka yake yi. Iska mai sanyi da ke gangarowa daga kan ƙanƙarar tsaunuka ta cikin kwaruruka tana iya yin haka ba tare da dogon gargaɗi ba. Girman igiya kuma ya danganta da tsawon ruwan da iska ta ratso. Iskar kudu maso yamma tana da fili tun daga mashigin Cook, saboda haka not 12 daga can ya fi not 12 daga gefen tudu tayar da ruwa.

Idan suka haɗu

Nan ne ainihin karatun. Idan iska da ruwa suka nufi fuska ɗaya, saman teku yakan yi laushi, igiyoyi su yi tsawo su kwanta. Ido zai ce lafiya, amma gudun biyun ya haɗu a kanka. Kana iya gangara kilomita uku ko huɗu a cikin awa guda kana sauraron zare ba ka sani ba, kuma dalma ba za ta zauna a ƙasa ba. Maganin wannan shi ne lemar ruwa, wata jaka mai siffar mazurari da ake jefawa a ruwa a ɗaure a goshin kayak. Tana rage turin iska, tana kuma juya goshin jirgin ya fuskanci igiya. Sai dai ba ta da iko a kan gudun ruwa, domin a cikinsa take, tare suke tafiya.

Idan suka yi karo, iska ta nufi ciki ruwa ya nufi waje, igiyoyi sukan gajarce su miƙe tsaye, su riƙa karyewa a kai. Iskar da ba ta da wata barazana awa guda da ta wuce sai ta mayar da wurin tafasasshe, alhali ƙarfinta bai ƙaru ba, ruwa ne kawai ya juya. A Kachemak wannan karon yana da lokaci sananne. Iskar rana tana shigowa ta bakin mashigi, ruwa mai janyewa yana fita ta bakin nan. A ranakun babban ruwa na bazara, janyewa mafi ƙasa galibi da safe zuwa hantsi take faɗowa, cikowa kuma bayan azahar, wanda ke nufin ruwa mai yawa zai juyo waje daidai lokacin da iskar ke kan ganiyarta. Wurin da abin ya fi muni shi ne ƙarshen Homer Spit, siririn harshen yashi da tsakuwa mai tsawon kilomita 7 da ya kutsa cikin mashigin ya raba shi ciki da waje. Duk ruwan ɓangaren ciki ta gefen wannan harshen yake bi.

A ranakun ƙaramin ruwa lissafin yana juyewa ya dawo wajenka. Cikowa takan faɗo da safe, lokacin da iska ba ta farka ba. Ka shiga ruwa awa biyu kafin cikar, ba sai ka ja kayak mai nauyi a kan doguwar laka ba, ka yi kamu a lafawa da farkon janyewa, ka sauka kafin tsakar rana. A watan Yuni hasken rana a Homer yana wuce awa 18, babu wanda zai ce duhu ne ya hana shi sammako.

Akwai wani ɗan amfani a karon idan iskar ba ta da ƙarfi. Takan riƙe kayak a wuri ɗaya yayin da ruwa ke wucewa ta ƙarƙashi. Amma ka lura, a wannan halin jirgi ya tsaya, zare ne ke shan gudun ruwa gaba ɗaya, don haka za ka bukaci dalma mai nauyi fiye da lokacin da kai da ruwan kuke gangarawa tare.

Ka tsara tafiyarka yadda wahala za ta zo da farko. Ka fita gaba da abin da zai dawo da kai, ko iskar da ake sa ran tasowarta ko ruwan da zai juyo. Kafin ka jefa ƙugiya ka zaɓi alamu biyu a tudu, ɗaya a bayan ɗaya, misali wani gini da ƙoƙon tsauni. Idan suka rabu da juna, ka san kana tafiya, kuma ka san ta wane gefe. Na'urar GPS tana nuna gudun gangarawarka da lamba, kuma tana da rana idan hazo ya rufe gaɓa. Ka kuma san wurin sauka na biyu a gefen da iska da ruwa za su iya kai ka. Tafiyar ƙasa ta awa guda zuwa inda ka bar mota ta fi tuƙin da ba ya ci gaba. Motar ma ka ajiye ta sama da layin busasshen ganyen teku da ke kan yashi, wanda shi ne shaidar inda ruwa ya tsaya a cikowar baya.

Anka, da kifi a gefen jirgi

Jefa anka daga kayak a ruwa mai gudu yana cikin abubuwan da suka fi kifar da mutane. Idan igiyar ta ja daga gefe, ruwa zai hau kan jirgin ya juya shi cikin ƙiftawar ido. Wanda ya ga dole sai ya yi, igiyar ta fita ta goshi ko ta wutsiya, a ɗaura mata abin shawagi, da ƙulli mai kwancewa da fizga ɗaya, wuƙa kuma tana maƙale a ƙirji. Ga mai koyo, gangarawa ta wadatar.

Idan kifi ya ci, kada ka fizga. Ƙugiyar da'ira da kanta take kama gefen baki, kai dai ka bar sanda ta lanƙwashe sannan ka fara naɗi. Ka riƙe bakin sandar wajen goshin jirgi domin jan ya bi tsawon kayak. Babban halibut zai ja ka yawo, kuma duk mintin da kuke wannan kokawa ruwa da iska ba su tsaya jiranku ba, don haka ka riƙa ɗaga kai kana duban alamunka. In ya iso, kada ka fito da kansa sama da ruwa, nan ne yake haukacewa. Ƙarami a kama shi da ƙugiyar hannu, a buge shi, a yanke masa jijiyar wuya ya zubar da jini kafin ya hau jirgi. Babba akan soke shi da mashi mai igiya da ƙwallon shawagi, a bar shi ya gaji da ƙwallon. Kifi mai kilo 40 da ransa a tsakanin ƙafafunka yana iya karya kaya ya kuma kifar da kai. Da yawa sukan saki manyan tun suna cikin ruwa, tunda su ne uwaye masu ƙwai, naman matsakaita kuma ya fi daɗi.

Ruwan nan ko a tsakiyar bazara bai cika wuce digiri 12 ba. Gordon Giesbrecht na Jami'ar Manitoba a Kanada ya taƙaita abin da ke faruwa ga wanda ya faɗa ruwa mai sanyi: kusan minti ɗaya na shiɗewa kafin numfashi ya daidaita, kusan minti goma da hannu da ƙafa za su yi aiki, sannan kusan awa guda kafin sanyi ya gusar da hankali. Minti goman nan su ne na komawa kan kayak, kuma a cikin igiyoyin karon iska da ruwa aikin ya fi wuya ninkin ba ninki. Hausawa sun ce iya ruwa fid da kai. A nan fid da kai yana nufin rigar da ruwa ba ya ratsawa daga wuya zuwa ƙafa, rigar ceto a ɗaure a jiki, rediyon VHF a aljihun rigar a kan tasha ta 16, abokin tafiya a kayak na biyu, da wani a tudu da ya san lokacin dawowarku. Hawa kayak daga cikin ruwa kuma a koye shi a wuri marar zurfi tun kafin ranar bukata.

Kamun halibut yana ƙarƙashin hukumar haɗin gwiwa ta Amurka da Kanada wadda yarjejeniyar 1923 ta haifar. Ana bukatar lasin kamun kifi na jihar Alaska. Wanda ya fita da kansa ba tare da jagoran haya ba an daɗe ana ba shi kifi biyu a rana, da zare ɗaya mai ƙugiya da ba ta wuce biyu ba. Ana sake duba dokokin kowace shekara, saboda haka ka karanta na shekarar da kake ciki a daren da kake duba jadawalin Seldovia da hasashen iskar gobe.